Linux Kala-Kala Ce: Yadda Muka Zaɓa wa Tsohuwar Laftof Ɗinmu Wadda Ta Dace da Ita

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare

 Waɗanda suka saba tsayawa gaban wannan allo sun lura cewa makonni uku a jere da hannu muka rubuta mujallar, har wani ɗan aji uku ya ce rubutun namu kamar inda kaji suka yi tono. Mun ji, kuma ba mu yi fushi ba, don akwai gaskiya a ciki. Dalili shi ne kwamfutar ƙungiya ta kwanta. Yau ga shi kuna karanta bugaggen rubutu, to bari mu faɗa muku yadda aka yi ta tashi, domin mun san a gidaje da yawa a nan Zuru akwai irinta a ƙarƙashin gado ko a saman kabad, an rufe ta da zane ana jiran ranar da za a sami kuɗin sabuwa.

Laftof ɗin tamu wani tsohon ɗalibi ne ya ba ƙungiya kyauta. 'Yar gwanjo ce, kuma takardar da ke manne a ƙasanta ta nuna an ƙera ta a 2013, wato kusan sa'armu ce. Windows 10 ce a kanta. Tun bara ta fara nauyi. In ka kunna ta, sai ka je ka share aji ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Sannan muka kai filash ɗinmu wani shagon buga takardu, muka dawo da bairos. Duk fayilolin da ke cikin filash ɗin suka ɓace, sai wasu 'yan alamu masu kibiya da in ka danna ba abin da ke fitowa. A ciki har da hotuna da hirarrakin da muka yi da dattawa kan bikin Uhola, aikin da ya ci mana zango guda, kuma ba mu da kwafinsa a ko'ina. Da muka sa filash ɗin a laftof, ita ma ta kamu, ta ƙara lalacewa.

Malamar da ke kula da ƙungiya ta ce in wata ya ƙare ba a gyara ba, za ta mayar da ita sito. Duk wanda ya san siton makaranta ya san abin da ya shiga can ba ya cika fitowa.

Mun kai ta wurin wani mai gyara. Ya ce sai an yi mata fomatin an sake ɗora Windows. Da muka koma muka gaya wa malaminmu na kwamfuta, ɗan bautar ƙasa da kowa ke kira Kofa, sai ya tambaye mu, “Wace Windows ɗin?” Ya bayyana mana cewa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, wato gyare-gyaren tsaro da ke zuwa kowane wata sun tsaya ga yawancin mutane. Ita kuma Windows 11 tana neman sababbin kayan ciki, har da wani ɗan guntun abin tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda kwamfutar 2013 irin tamu ba ta da shi. Ga shi kuma Windows ta asali sayenta ake yi, wadda ake ɗora wa mutane a kan 'yan kuɗi kaɗan sau da yawa ba ta da lasisi. Sai ya ce, “Akwai wata hanya, amma ku za ku yi zaɓin da kanku, ni kallo zan yi.” Hanyar ita ce Linux.

Mece ce babbar manhaja?

Kafin mu je ga Linux, sai mun faɗi abin da ake canzawa. Kwamfuta kashi biyu ce: ƙarfen da kake taɓawa, da manhajojin da ke aiki a cikinsa. A cikin manhajojin akwai uwa, wadda ita ke fara tashi in an kunna, ita ke raba wa sauran aiki, ita ke sa kibod da sikirin da lasifika su ji maganar juna. Ita muke kira babbar manhaja. Ku ɗauki makarantar nan a cire shugaba da malamai da jadawali da mai buga ƙararrawa. Azuzuwa suna nan, kujeru suna nan, amma ba karatu. Haka kwamfuta take in ba babbar manhaja. Windows ɗaya ce daga cikinsu. Kwamfutocin Apple suna da tasu. Linux ma wata ce.

Wani ɗalibin jami'a a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991 yana da shekara 21. Kafin shi, tun 1983, wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara wani aiki da ya kira GNU, da nufin samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su, ya duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Da aka haɗa aikin mutanen biyu da na dubban masu sa kai, sai aka sami cikakkiyar babbar manhaja. Wannan shi ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja: rubutun da aka gina ta da shi ba sirri ba ne, a fili yake.

Da Kofa ya gama wannan bayani, wata 'yar ajinmu ta ce, “Ashe gayya ce.” Muna ganin ta fi shi iya faɗa. Kamar yadda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya yau, gobe a koma ta wani, haka mutane daga ƙasashe daban-daban suke taruwa a kan manhaja ɗaya, kowa ya ja kunyarsa. Bambancin kawai shi ne amfanin wannan gona na kowa ne, har mu da ba mu riƙe fartanya ba. In ka kwafe ta ka ba abokinka, ba sata ka yi ba, lasisinta ne ya yarda.

Kuma kada wani ya ɗauka baƙuwa ce. Duk wayar Android da ke hannun iyayenmu, zuciyar Linux ce a cikinta. Manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya, tun 2017 dukkansu Linux suke amfani da ita. A Najeriya ma ta daɗe da shiga aji. A 2007 an gwada raba wa yaran wata firamare a Galadima, gefen Abuja, ƙananan laftof masu launin kore da fari na shirin One Laptop per Child, kuma Linux ce a kansu. Alamar Linux wani tsuntsun ƙasashen ƙanƙara ne mai suna Tux. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa a cikinmu, don haka muna ce masa agwagwa.

Inda matsalar take

Mun ɗauka za mu je intanet mu ce a ba mu Linux, a ba mu. Ashe ba haka ba ne. Tunda kowa yana da izinin ɗauka ya gyara, sai ta zama iri-iri, sun kai ɗaruruwa. Kamar dawa ce. Duk dawa ce, amma akwai kaura akwai farfara, kuma manomin kirki ba ya cewa wannan ta fi wancan sai ya duba ƙasarsa da ruwan da yake samu. Akwai Debian, wadda ta samo asali tun 1993, uwa ce ga da yawa daga cikinsu. Akwai Ubuntu, da wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa kamfanin Canonical ya fitar da ita a Oktoban 2004, kuma sunanta kalma ce daga harsunan Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka. Akwai Linux Mint, da wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006, an gina ta a kan Ubuntu. Akwai Lubuntu, ƙanwar Ubuntu marar nauyi. Akwai Fedora. Akwai Arch, wadda Kofa ya ce mu bar ta tukuna, domin kusan komai da hannu ake rubuta mata a baƙin allo, ba ta ɗan koyo ba ce.

Mun yi musu sosai a nan. Sakatarenmu ya dage sai Ubuntu, don kawai ɗan Afirka ne ya kafa ta. Wani ya ce Mint, don kore ce kamar tutar Najeriya. Kofa ya bar mu muka gaji, sannan ya ce, “Kun tambayi juna, amma ba ku tambayi kwamfutar ba.”

To ga abin da muka tambaye ta.

Na farko shi ne RAM. Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai babbar ma'ajiya, kamar akwatin littattafanka, inda komai yake kwance ko an kashe ta. Akwai kuma RAM, kamar saman teburinka, inda kake baza littattafan da kake aiki da su yanzu. In teburin ƙarami ne, kullum kana cikin ɗauke wannan ka ajiye wancan, aiki ba ya sauri. Tamu giga 4 take da shi. Ubuntu 24.04 tana neman giga 4, wato ita kaɗai ta kusa cika mana teburi. Linux Mint ta ce giga 2 ya isa ta tashi, giga 4 kuma za ta sake. A babbar ma'ajiya kuwa giga 20 take nema, mu kuma muna da 500. In taku giga 2 gare ta, ku fara duba Lubuntu.

Akwai wani abu da ya ruɗe mu a nan. Mint ɗin kanta fuska uku gare ta: Cinnamon, MATE da Xfce. Ciki ɗaya ne, riga ce ta bambanta. Cinnamon ta fi ado, ta fi kuma cin RAM. Xfce ba ta da kwalliya sosai, amma ta fi sauƙi a kan tsohuwar kwamfuta.

Na biyu, shin 64-bit ce ko 32-bit? Wannan yana nuna zamanin ƙwaƙwalwar kwamfutar. A Windows za ka gani in ka shiga Settings, sai System, sai About. Ubuntu da Mint na yanzu 64-bit kawai suke yi. Tamu ta tsallake. In taku ta tsufa har 32-bit ce, kada ku ɓata data, ku nemi wadda ake kira antiX, an yi ta ne don irin waɗannan tsofaffin.

Na uku shi ne wanda mutanen Turai ba za su damu da shi ba, mu kuwa ya fi damunmu: data. Linux kyauta ce, amma sauke ta ba kyauta ba ne. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6. Na Mint bai kai giga 3 ba. Mu da muke karo-karon naira ɗari-ɗari, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Girman fayil kuma shi ke nuna filash ɗin da za a nema: mai giga 4 ya ɗauki Mint, Ubuntu kuwa sai mai giga 8. Kofa ne ya sauke mana su da datar dare a wayarsa. Ya ce sau biyu sabis yana yankewa yana farawa daga farko, washegari ya shigo aji idonsa ja. Ku sauke daga shafin masu manhajar na asali kawai, ba daga hannun wani da ya turo muku a WhatsApp ba.

Na huɗu, har yaushe za a ci gaba da kula da ita? Kofa ya ba mu wani labari. A 2007 Najeriya ta yi odar ƙananan kwamfutocin ɗalibai 17,000 masu suna Classmate, ɗauke da Linux ta wani kamfanin Faransa da ake kira Mandriva. A lokacin sananniya ce ƙwarai. Amma a 2015 kamfanin ya rufe, sai wasu masu sa kai suka ci gaba da 'ya'yanta da wasu sunaye. Saboda haka a duba wadda ke da jama'a da yawa a bayanta da kuma alkawarin shekaru. Ubuntu tana fitar da wata ta musamman duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, mai alamar LTS, wadda ake kula da ita shekara biyar. Lambarta ma tana faɗin ranar haihuwarta: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Linux Mint 22, da ta fito a 2024, a kan wannan aka gina ta, kuma za a ci gaba da aiko mata gyara har 2029. A lokacin mu 'yan aji biyu muna shirin jarrabawar fita.

A ɗanɗana kafin a saya

Wannan shi ne abin da ya fi burge mu, kuma shi muke so kowa ya riƙe. Ba sai ka goge komai ba kafin ka san ko Linux za ta yi maka. Ana iya tayar da ita daga filash, ta buɗe gaba ɗaya, ka yi aiki da ita, ka kashe, ka zare filash, kwamfutarka ta koma yadda take ba a taɓa ko fayil ɗaya ba. Kamar mai gyaɗa ta ce ka ɗanɗana ne.

Ga yadda ake yi. Fayil ɗin da aka sauke ana kiransa ISO. Ba kwafe shi kawai ake yi a jefa cikin filash ba, mun gwada haka ba ta tashi ba. Sai an yi amfani da wata ƙaramar manhaja, kamar Rufus ko balenaEtcher, ta rubuta shi yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Akwai kuma Ventoy, wadda ke ba ka damar zuba ISO da yawa a filash guda ka zaɓa. Da ita muka yi, a filash ɗin Kofa mai giga 16. A kula: wannan aiki yana goge duk abin da ke cikin filash ɗin, kuma yana buƙatar wata kwamfuta mai lafiya, don haka sai an yi aro.

Daga nan sai a kashe laftof, a soka filash, a kunna, a yi ta danna wani maɓalli da sauri kafin Windows ta farka. A yawancin HP F9 ne, a Dell da Lenovo yawanci F12. Mu sai a karo na huɗu muka dace, domin shugabarmu tana danna shi a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ofishin firinsifal. Jerin sunaye zai fito, a zaɓi filash.

Mun gwada uku a yammaci ɗaya: Ubuntu, Mint mai Cinnamon, da Mint mai Xfce. A kowacce mun duba abubuwa iri ɗaya. Sauti yana fita? Ana iya rage hasken sikirin? Wurin shafa yatsa yana aiki? Wi-Fi yana ganin wayar Kofa? Ubuntu tana da kyau ƙwarai, amma ƙarfin tsohuwarmu bai kai ba, in muka buɗe abu biyu sai ta fara nishi, fankar ciki tana ƙara. Fuskarta ma daban take da wadda muka saba, sai da muka yi lalube. Mint kuwa maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama, kamar Windows. Ɗan aji ɗaya da ke tare da mu ya gano wurin rubutu ba tare da an nuna masa ba. Tsakanin fuskokin biyu, Xfce ta fi saurin amsawa. Gaskiya dai daga filash komai yana ɗan fin jinkiri, don haka kada a yanke hukunci kan saurin buɗewa kaɗai.

Ana cikin gwajin ne Kofa ya ce mu kawo filash ɗin nan mai bairos. Muka ce, “Malam, ai zai kashe wannan ma.” Ya yi dariya ya ce mu sa. Muka sa. Sai ga fayilolinmu duka, hotunan Uhola da muryoyin dattawa, suna nan lafiya lau. Ashe bairos ɗin bai cinye su ba, ɓoye su ya yi, ya ajiye alamun ƙarya a madadinsu. Shi kuma don Windows aka rubuta shi, a Linux ba ya iya motsi, kamar kifi a tudu. Ihun da muka yi har mai gadi ya leƙo. Muka kwashe kayanmu, muka goge nasa.

Amma kada a ce Linux ba ta kamuwa da komai. Tana da nata raunin, shi ya sa ake aiko gyara. Kuma filash mai bairos, ko bai cuce ka ba, in ka kai wa mai Windows zai cuce shi.

Abu ɗaya ya rage, wanda ya shafi wannan allo kai tsaye. Da can in za mu buga ƙasa sai mu rubuta kasa, ɗaki ya zama daki, sannan mu bi da biro muna yi wa haruffa ƙugiya. Malamin Hausa ya sha yi mana faɗa a kan haka, yana cewa ƙafa daban kafa daban. A Linux akwai tsarin kibod mai suna Hausa na Najeriya, yana nan a ciki ba sai an sauke ba. Mun zaɓe shi, ga ƙ, ga ɗ, ga ɓ. Duk ƙugiyar da kuke gani a wannan takarda kwamfuta ce ta yi. Wani ɗan ƙungiya ya tambaya ko akwai na C'lela, ko ma a mayar da duk manhajar zuwa C'lela. Kofa ya ce fassarar irin waɗannan manhajoji masu sa kai ne ke yin ta, ba a neman izinin kowa, sai dai a sami masu zama su yi. Ya kalle mu, mu kuma muka kalli silin.

Aka kaɗa ƙuri'a. Mint mai Xfce ta sami tara, Ubuntu biyu. Sakatare bai canza ra'ayi ba har yau.

Ranar ɗorawa

Abu biyu muka yi kafin mu taɓa komai. Mun nemi izinin malamarmu, ita kuma ta sanar da shugaban makaranta. Sannan mun kwashe duk fayilolin da ke cikin laftof ɗin zuwa wani wuri. Muna roƙon kowa da babbar murya: kada ka karanta wannan ka je ka gwada a kwamfutar babanka ko ta yayarka ba da saninsu ba. In ka goge wa yayarka aikinta na kammala karatu a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, ba ruwan ƙungiyar 'yan jarida.

Sai maganar wuta. Batirinmu ba ya wuce minti ashirin, kuma in kwamfuta ta mutu ana tsakar ɗorawa, tsohuwar manhaja ta tafi, sabuwa ba ta zauna ba, sai an sake daga farko. Ba mu yarda mu dogara da wutar gari ba. Mun ɗauke ta zuwa shagon wani mai cajin waya da ke da sola, ya ba mu soket da benci.

Ɗorawar kanta ba ta da wuya, har muka ji kamar an rage wani abu. A fuskar Mint akwai alama mai rubutu “Install Linux Mint”. Ka danna, ta tambaye ka harshe, ta tambayi kibod, ta tambaya ko kana son ƙarin kayan da ke sa bidiyo da sauti su yi, ka sa alama. Sannan tambaya mai haɗari ta zo. Zaɓi ɗaya shi ne a ajiye Mint kusa da Windows, duk lokacin da aka kunna mutum ya zaɓi wadda zai shiga. Ɗayan, mai farawa da “Erase disk”, yana share komai da komai, ba dawowa. Wanda ke da wani aiki da sai da Windows, ya ɗauki na farko. Mu tamu ta riga ta ruɓe da bairos, muka share. Shugabarmu ce ta danna, bayan ta tambaye mu sau uku ko mun tabbata. Daga nan taswira ta fito, muka zaɓi Legas don agogo ya daidaita, muka sa suna da kalmar sirri. Kalmar sirrin ba ta ado ba ce, duk lokacin da za a ƙara manhaja ko a yi babban canji sai an rubuta ta. Mutum uku ne suka san tamu. Ba a kai rabin awa ba ta ce a zare filash a sake kunnawa.

Matsala ɗaya muka samu. Wi-Fi ya ƙi fitowa, kuma mun riga mun ga alamar haka tun wurin gwaji. Wasu laftof suna buƙatar ƙarin 'yar manhaja kafin na'urar Wi-Fi ɗinsu ta yi aiki. Muka haɗa wayar Kofa da igiyar caji, ya kunna raba intanet ta igiya, muka buɗe Driver Manager, ita da kanta ta nuna abin da ya ɓace. Minti biyar aka gama.

Abin da ta zo da shi, da abin da babu

Ta zo da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice: Writer na rubutu, Calc na lissafi a jadawali, Impress na gabatar da darasi. Sauran ana ɗaukowa daga Software Manager, kamar yadda ake yi a Play Store. Mun ƙara Kiwix, wadda ke ba mutum damar sauke Wikipedia sau ɗaya ya riƙa karantawa ba data, kuma akwai ta Hausa. Mun ƙara wata ta koyon buga kibod da yatsu goma, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya, kuma mun ji labarin yayyenmu da suka fara riƙe linzamin kwamfuta a ɗakin jarrabawa.

Ba za mu ɓoye muku abin da babu ba. Microsoft Word da CorelDRAW da Photoshop ba sa hawa Linux kai tsaye. Duk fayil mai ƙarewa da .exe na Windows ne, har da yawancin manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa. Akwai wata dabara mai suna Wine da ke sa wasu su yi, amma ba duka ba. Mai son koyon zanen katin biki don ya yi aiki a shagon buga takardu, inda kowa Corel yake amfani da ita, ya yi tunani kafin ya share Windows. Writer tana buɗe fayilolin Word tana kuma ajiyewa a irinsu, sai dai wani lokaci layuka suna gocewa in an kai wata kwamfuta. Bugunmu na farko kanun labari ya faɗo shafi na biyu. Yanzu PDF muke mayar da komai kafin mu kai bugu, ba abin da ke motsi.

Laftof ɗin tana buɗewa cikin ƙasa da minti ɗaya, mun auna da agogon malama. Batirin dai yana nan yadda yake, Linux ba ta gyara batir, kuma maɓallin harafin “e” har yanzu sai an danna da ƙarfi. Rahoton Uhola zai fito a wannan allo mako mai zuwa da hotunansa. Filash ɗin Kofa zai zauna a hannun malamarmu ko bayan ya gama bautar ƙasa ya tafi. Mai son a gwada a tasa ya zo ranar Laraba bayan an tashi, da laftof ɗin, da cajarta, da takardar izini daga mai ita.